Kunnuwan Shanun Kawu Ma'azu

Litinin, 8 ga Maris 1965, bayan la'asar

Malam Namadi ya karɓe ƙarfen huda kunne daga hannuna yau. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Hannu kawai ya miƙo, na ciro ƙarfen daga jaka na ba shi, ya naɗe a tsumma, ya ce in je gida in zauna sai ya neme ni. Leburori huɗu na tsaye a wurin, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Shi ne malamin dabbobi na Bagudo. Shi ya ɗauke ni aikin riƙon shanu shekara biyar da suka wuce, shi ya ɗaga ni zuwa huda kunne, shi kuma ya ba ni wannan littafi ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum don hannuna ya faɗa. To, ga shi ina rubutawa. An dakatar da ni saboda shanun Kawu Ma'azu, waɗanda na huda wa kunne alhali ba a yi musu allura ba.

Ni Bunyaminu, shekara talatin da uku, na koyi boko da gemuna a ajin yaƙi da jahilci. Na zauna jarrabawar masu allurar shanu sau biyu, na faɗi sau biyu. Ta uku ranar 7 ga Afrilu ce a Birnin Kebbi, saura kwana talatin. Ban san ko da ni za a yi ba. Ban ma san ko ina so ba.

Talata, 9 ga Maris, bayan asuba

Na shimfiɗa tabarma a bakin zaure kamar kullum, na ɗauko takardun koyo. Shafi ashirin da shida ne, duk gefensu ya yi baƙi da zufar hannuna. Shekara biyu ke nan ina karanta shafi biyu kowace safiya kafin in kurɓi kunu, ko ranar da na dawo daga faɗuwa ta biyu ban fasa ba.

Na riƙe su har rana ta taɓa katanga. Ban buɗe ba.

Laraba, 10 ga Maris, hantsi

Ɗanliti ya zo daga ƙetaren kogi. Ɗan Kawu ne, tsarana, abokin wasana tun muna tsirara. In ya shigo gidan nan tun daga zaure yake ihu, ina Likita, a fito a duba mini akuya ta yi mafarki. Yau sallama ya yi a hankali, ya gaishe ni da sunana na yanka, kamar wani baƙo.

Ya ce, “Sha ɗaya sun hwaɗi. Baba yac ce in gaya ma Goggo, ba kai ba.”

Ya wuce ɗakin Inna. Na ji muryarsu ƙasa-ƙasa, ban matsa kusa ba. Inna tana da shanu uku a garken, gadonta ne na wurin mahaifinsu, Kawu ke riƙe mata tun kafin a haife ni. Da Ɗanliti ya tafi ta leƙo ta tambaye ni ko na ci abinci.

Alhamis, 11 ga Maris, azahar

Zafi. Ban fita ba. Ban buɗe takardun ba.

Asabar, 13 ga Maris, bayan la'asar

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Aikinmu mutum uku ne a bakin shinge. Ɗaya ya riƙe saniya, Malam Namadi ya soka allura, ni in huda kunne. Hudar ita ce shaida. Duk wanda ya ga saniya da ita, nan ko Dahome, ya san an yi mata rigakafin bushiya, sai ya wuce ta. Filani ba su son kiran sunan ciwon nan, ni ma daga yau ba zan ƙara rubuta shi ba.

Cikin goman ƙarshe na azumi muna Kaoje. Motar da ke kawo magani ta lalace a hanya, ƙanƙara ta narke, maganin ya mutu. Malam Namadi ya ƙetare kogin Kwara ya koma Bagudo jiran wani, ya bar ni da kayan aiki. Kawu kuwa yana bakin shinge da shanu arba'in da bakwai, kwana uku, da azumi a bakinsa. Ciyawa ta ƙare a wurin, shanu sun fara cin ƙasa. Kiwonsa na rani can wajen Segbana yake, a ƙasar da har gobe tsofaffi ke ce wa ƙasar Faransa, kuma masu tsaron iyaka ba su barin saniya ta shiga sai sun ga huda.

Rana ta uku ya kira ni gindin tsamiya. Ya ce, “Ɗan Mairama, shanun ga na mutuwa ga idonka. Huda musu mu wuce. In munka dawo da damana sai a yi allurar. Wa ka sani?”

Na ce Kawu, ba a yi.

Ya ce, “Ni na goye ka sadda ubanka ya rasu. Yau ni ka roƙonka?” Ya cire malafarsa ya riƙe a hannu.

Wanda bai taɓa ganin kawunsa tsaye da kai a buɗe yana roƙonsa ba, ya zo ya yi mini wa'azi. Na huda. Ni kaɗai, ba mai riƙe mini, daga hantsi zuwa la'asar. Har daɗi na ji da na ga ƙurarsu ta nufi kudu, na ce yau na yi wa dangin uwata rana.

Masu allurar Dahome sun bi rugarsu bayan sati biyu da isasshen magani. Suka duba kunnuwa, suka ga huda, suka wuce.

Shi ke nan. Na rubuta.

Lahadi, 14 ga Maris, magariba

Na gaya wa Hamsatu, matata, na bar zancen jarrabawa. Na ce in ruwa ya sauka zan bi yayanta fadamar Kaoje noman shinkafa, aƙalla shinkafa ba ta da kunnen da za a huda. Ba ta yi dariya ba. Tana gaban murhu, na miƙa mata takardun na ce ta hura wuta da su.

Ta dube ni, ta dubi takardun. Ta ce, “Malam, shekara biyu ina daka a hankali da sahe don kar in dame ka da karatu. Yanzu ni za ka ba in ƙone?”

Na ce to ni zan sa da hannuna.

Ta riga ni. Ta fizge, ta shige ɗaki, na ji ƙarar murfin kwalla. Da ta fito ta ce suna ƙarƙashin zannuwanta, in ina da ƙarfin hali in je in tone kayan mace. Na zage ta, abin da ban taɓa yi ba. Tuwon ya kwana ba wanda ya taɓa.

Litinin, 15 ga Maris, hantsi

Na je kasuwa sayen gishiri. Wani ya ce “Likita” daga bayan rumfar mahauta, aka yi dariya. Ban waiwaya ba. Na san muryar, kuma ina jin na san wanda ya kai maganar ofis, amma sanin ba zai ta da saniya ko ɗaya ba.

Talata, 16 ga Maris, bayan azahar

Malam Namadi ya jingine kekensa a ƙofar gida. Na ɗauka takardar kora ya kawo, har na gyara zama.

Ashe wata ce ta fi ta. Da ciwo ya shiga garken, Kawu ya yi abin da iyayensa ke yi: ya ware waɗanda ke cin ciyawa da kyau, goma sha shida, ya sa aka satar da su ta daji aka dawo da su wannan gefe, aka rarraba a rugagen dangi don kada garke ya ƙare gaba ɗaya. Yanzu suna cikin shanun mutane, da hudarsu a kunne kamar kowa. In suna da lafiya ana so a yi musu allura tun da wuri. In sun ɗauko abin, a ware su kafin su shafa wa maruƙan da aka haifa bayan wucewarmu. Kawu ya ƙi aiko da bayani, yana tsoron a kama shi. Dangi kuma ba mai tona ɗan'uwansa.

Malam ya ce, “Kai kah huda su. Kana iya gane su?”

Na ce ina iyawa. Ni bahago ne. In da mai riƙe mini, ta gaba nake tsayawa, hudar ta zauna a tsakiyar kunne. Ran nan ni kaɗai ne, ta bayan wuya na riƙa kamo su, sai hudar ta sauka can ƙasa kusa da gindin kunne, a karkace. Ko da ido rufe na shafa zan gane.

Ya ce jibi mota za ta kawo ƙanƙara, in shirya. Ya ce ba aiki ya mayar da ni ba, kada in ruɗi kaina. Da zai hau keke ya ce, “Sunanka na jarrabawa na nan cikin aljihuna. Ban aika Birni ba, ban kuma yage ba.”

Na ce yage, ranka ya daɗe. Ya yi kamar bai ji ba.

Alhamis, 18 ga Maris, magariba, Kaoje

Mun ƙetare da hantsi, keke biyu da fulas ɗin magani a tsakiyar kwalekwale, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu kamar jariri. Ruwa ya ja baya sosai, yashi ya fito tsibiri-tsibiri.

Ruga ta farko, ta Arɗo ce. A da in na zo nan kafin in sauka daga keke an kawo ƙwaryar nono. Yau tabarma ɗaya aka shimfiɗa, daidai zaman mutum ɗaya. Na tsaya a rana.

Shanu sun fi ɗari. Na bi su ɗaya-ɗaya ina shafa kunne, masu su na biye da ni. Na sami huɗu. Duk wadda na dafa na ce wannan, sai in ji wani ya ja tsaki a bayana, ban san ko don na gane ba ne ko don ni ne. Malam ya duba bakinsu da idonsu, ya yi musu allura, ya sa aka ɗaure su nesa.

Juma'a, 19 ga Maris, la'asar

Biyu yau. Ɗaya tana hawaye, miyau na zuba, ta juya wa ciyawa baya. Malam bai ɓata magani a kanta ba.

Asabar, 20 ga Maris, azahar, a inuwar wata ƙirya

Mutumin nan zai kashe ni da tambaya. Muna tura keke cikin yashi, numfashi da ƙyar, sai ya ce, “Bunyaminu, in anka haɗa magani da ruwa, awa nawa yaka yi kahin ya mutu?” Na yi banza da shi. Can ya ce, “Alama ta hwarko ga saniya?” Na ce ranka ya daɗe, na bar karatu. Ya ce ai ba da ni yake ba, da keke yake.

Da muka yi nisa ya ce wa keken, awa biyar ne. Kafin in kama bakina na ce biyu. Bai ko dube ni ba, amma na ga gefen gemunsa na motsi.

Uku a rugar nan. Tara ke nan.

Litinin, 22 ga Maris, magariba, kusa da garin Tsamiya

Mun makara a nan. Biyu na Kawu muka tarar, duk a kwance. Maruƙa biyar na mai rugar sun riga su tafiya, an ja su bayan gari, ungulu sun cika itace.

Matar mai rugar ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu, babu komai a ciki. Ta zo har gabana ta kife ta a ƙasa. Ta faɗi magana da Filatanci, ta ɗauka ba na ji. Ina ji, a nono na sha shi. Ba zan rubuta abin da ta ce ba.

Daga nan ana hango turakun iyaka. Na daɗe ina kallonsu. Mutum zai iya bi ta tsakaninsu ya yi ta tafiya har inda ba a san sunan uwarsa ba. Malam ya kira ni in riƙe masa fulas.

Talata, 23 ga Maris, hantsi

Biyu. Goma sha uku. Ƙanƙara ta ƙare, sauran uku ba wanda ya san inda suke, ko kuma kowa ya sani.

Alhamis, 25 ga Maris, bayan asuba, gida

Na dawo jiya ƙafafuna a kumbure. Hamsatu ta dafa ruwa ta gasa mini, ba ta ce komai a kan zagin ba, ni ma ban iya ɗauko maganar ba. Na ce mata dai Allah ya yi mata albarka. Ta ce amin, ta ƙara matsa tsumman inda ya fi zafi.

Yau da na fito alwala na ga takardun a kan tabarma, an danne da dutsen guga. Suna ƙanshin turaren zannuwanta. Na buɗe shafi na goma sha ɗaya, lissafin haɗa magani, wanda ya kayar da ni sau biyu. Kwalba kaza, ruwa kaza, shanu nawa. Na yi sau uku, amsa uku daban-daban. Na jefar da fensir ya faɗa cikin akurkin kaji.

Wai don me? A ce ma na ci. Wace ruga zan shiga da allura a hannu? Mutum ya kai shekara talatin da uku yana fama da abin da yaran firamare ke yi suna wasa, kuma abu guda da aka damƙa masa, ƙarfe mai baki ɗaya, ya kashe garke da shi. Na gaji da zama mai ƙoƙari. Kowa ya ce Bunyaminu akwai ƙoƙari, ba wanda ya taɓa cewa Bunyaminu ya iya.

Na je na ciro fensirin.

Juma'a, 26 ga Maris, bayan asuba

Rabin shafi.

Asabar, 27 ga Maris, la'asar

Ɗanliti ya dawo da sandarsa da igiyoyi a kafaɗa, igiyoyi da yawa. Na Segbana sun ƙare. Wasu sun mutu, wasu an yanka kafin su mutu, ba mai sayen naman. Talatin da ɗaya. Cikin goma sha ukun da muka gano, bakwai sun bi su.

Na ce ina Kawu? Ya ce ya ƙetaro, amma bai kwana inda ya yini.

Na ce na Inna fa? Ya dubi ƙofar ɗakinta, ya girgiza kai.

Inna ta fito da la'asar ta zauna tana tsinkar zogale. Ta ce mini, “Saniyata Woɗe tana da wani hali, ba ta yarda a tatse ta sai an yi mata waƙa.” Ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da tsinka. Da ta zage ni, da ta tsine mini, da na san inda zan sa kaina.

Litinin, 29 ga Maris, azahar

Ban buɗe ba. Jiya ma haka.

Laraba, 31 ga Maris, bayan la'asar

Malam Namadi ya aiko na je ofis. Ya ce motar gobe in ta sauke ƙanƙara za ta kwana, jibi da safe ta koma Birni da sunayen masu jarrabawa. Ya rubuta wa na sama da shi duk abin da ya faru, bai rage ba, har da yawon da muka yi. Sun ce hukuncin dakatarwa na nan wata shida ba albashi, amma zama jarrabawa ya rage ga shi Malam. Shi kuma ya ce ya rage gare ni.

Ya ciro takardar daga aljihu, ta yi laushi don ninki. Ya ce, “In aika ko in yage?”

Na ce ya yage.

Ya ce, “Mota jibi ta ka tashi, ba yau ba.” Ya mayar aljihu.

Na fito ina jin haushinsa kamar in yi kuka. Mutum ya ce ya gaji, a bar shi ya gaji mana.

Juma'a, 2 ga Afrilu, hantsi

Jiya ban iya rubutu ba, sai yau.

Jiya mota ta iso da hantsi. Ina gida aka ce Malam na kirana maza. Na tarar da mutum tsugune a gindin katangar ofis, ya rufe kai da mayafi. Sai da ya miƙe na gane Kawu. Wata biyu kawai, rigarsa ta yi masa yawa, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa Malam gaisuwar da ni na yi.

Ya ce sauran ukun suna wani tsibiri a tsakiyar Kwara, ƙasa da mashigi. Shi ya kai su da kansa tun farko, bai haɗa su da na kowa ba, shi ke kwana da su. Ya ji an ce ba kama mutane ake yi ba, allura ake yi. In za a kama shi ma a kama, amma a fara yi musu.

Muka shiga kwalekwale mu uku da mai tuƙi. Muka isa muka taka yashi. Tsibirin ɗan ƙarami ne, ciyawar burgu ta rufe gefensa, ba a ganin komai. Kawu ya tsaya ya sa hannu a baki ya yi kira irin nasu. Na ɗauka uku zai kira. Sai ya fara daga farkon garke, yadda yake yi kowace yamma tun ina yaro. Saye. Wule. Ɓale. Woɗe. Yana kira yana dakatawa daidai yadda saniya za ta ɗago kai ta taho. Ya bi su duka, arba'in da bakwai, bai tsallake ko ɗaya ba. Mai kwalekwale ya juya baya. Ni na tsaya, don ba ni da inda zan juya.

Uku suka fito daga cikin burgu, lafiyayyu, suna kaɗa jela.

Malam ya duba su, ya buɗe fulas, ya haɗa magani, ya ja a sirinji. Ni na je na kama ƙahon ta farko kamar yadda na saba tun ina lebura. Sai Kawu ya dafe hannun Malam.

Ya ce, “Ba kai ba. Shi.”

Malam ya ce an dakatar da ni, kuma ban da takardar yin allura.

Kawu ya ce, “Sadda yah huda su yana da takarda? Hannun da yay yi ƙarya ga kunnensu, shi za ya gyara. Ba shi.”

Malam ya miƙo mini sirinjin, ya ce shi yana tsaye, in na kuskure wuri zai karɓe.

Kawu ya ture ni daga kan saniyar ya riƙe ƙahon da kansa. Na tattaro fatar wuya. Na kai allurar, na kasa sokawa. Na ce Kawu, ba zan iya ba. Na ce na bar aikin nan, na riga na gaya wa Malam ya yage sunana, shinkafa zan noma, ba zan ƙara taɓa dabbar kowa ba. Ina jin na ɗauka zai ji daɗi.

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun Kaoje. Idonsa ja.

Ya ce, “Mi kac ce?”

Na maimaita.

Ya ce, “Ni na roƙe ka, na sani, nawa laihin na gaban Allah. Amma kai ad da karatu, ni ban da shi. Kai kas san abin da huda ka jawowa, kab bi ni don kunya. Shanu talatin da takwas karatun ga naka ya ci, Bunyaminu, har da na uwarka. Yanzu ka aje shi ka tai noman shinkahwa? In ka aje shi, ban yahe ba, duniya da lahira. Soka.”

Na soka. Ta yi ɗan tsalle, ya riƙe ta. Na yi ta biyu, na yi ta uku. Malam ya shafa wurin ya ce ya zauna daidai. Ba wanda ya ce madalla.

Kawu bai biyo mu ba, ya zauna da shanunsa. Yau tun kafin rana ta fito na je tasha, na tarar da Malam tsaye kusa da direba. Ya gan ni, bai tambaye ni ba. Ya ciro takardar ya sa a ambulan tare da sauran.

Asabar, 3 ga Afrilu, bayan asuba

Shafi huɗu. Lissafi shida, biyu daidai.

Lahadi, 4 ga Afrilu, la'asar

Shafi biyar. Hamsatu ta riƙe takardar amsa tana duba mini, ita da ba ta san baƙi ba, lambobin kawai take kwatantawa da ido. In ya yi daidai ta ce ya yi kama, in bai yi ba ta ce wannan ba ɗan gidan ba ne. Uku cikin shida.

Ba wani ƙarfin zuciya nake ji ba, kada in yi wa littafi ƙarya. Tsoro nake ji, da kunya, da ciwon kai. In na rufe ido sai in ji ana kiran sunayen nan. Sai in buɗe in ɗauki fensir.

Litinin, 5 ga Afrilu, hantsi, bakin tasha

Motar ’yan kasuwa za ta tashi in ta cika, za mu kwana a hanya. Inna ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a gefen tsumma. Hamsatu ta wanke rigar da na faɗi da ita sau biyu, na ce ta canja mini wata, ta ce ba riga ce ta faɗi ba.

Da sassafe na sa aka ƙetare da ni tsibirin. Ɗanliti ya kawo sauran shidan, tara ke nan a wuri ɗaya, ko rabin inuwar itace ɗaya ba su cika ba. Na tarar da Kawu tsugune yana tatsa, ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Na durƙusa a yashi na ce Kawu, zan tafi Birni. Ya ce to, bai ɗago kai ba.

Na daɗe a durƙushe ina jin ƙarar nono a ƙwarya. Sannan na ce, Kawu, ka yafe mini.

Hannunsa bai tsaya ba. Ya ce, “Tai ka dawo tukun.”